Fayil ɗin Inna da maganar kwamfuta a asibitocinmu

Jama'a, kwanakin baya na kai Inna asibiti saboda hawan jininta. Awa biyu muka yi a bakin ɗakin kati, fayil ya ce ku nemo ni. Daga ƙarshe aka buɗe mana sabo. Nas ɗin da ta auna ta ta ce, "Mama, wane magani kike sha?" Inna ta ce, "Wani ɗan ƙarami fari." Shi ke nan, tarihin shekara shida ya koma ɗan ƙarami fari.

Tun ranar nake goyon bayan a riƙa ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Mu da ke kwarin kogin Haɗejiya mun fi kowa buƙatarsa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma ya san ruwa ba ya barin takarda. Mace mai juna biyu ta baro ƙauyensu a kwale-kwale, katin awo ya jiƙe, nas ba ta san ko jininta ya taɓa hawa ba. Da bayanin yana kwamfuta, lamba ɗaya za a danna. Haka wajen miƙa aiki: mai aikin dare za ta ga allurar da aka yi da lokacinta, ba sai ta yi ta fama da rubutun likita ba. Ga ciwon ƙoda da ake kuka da shi daga nan har Gashuwa. Ta yaya za a gano tushensa in bayanan masu shi suna warwatse a fayilolin da gara ke ci?

Amma ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda muke yi. A sayo kwamfutoci, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, bayan wata uku an lulluɓe su da zane. Wuta ta ɗauke, sabis ya tafi, mara lafiya kuma ba ya jira. Sai a ce nas ta rubuta a takarda, in wuta ta dawo ta sake shigarwa. Aiki ɗaya ya zama biyu, alhali ita kaɗai ce a ɗakin da ya cika maƙil. Ko yanzu ma'aikatan lafiya na cika rajista, sannan a tattara alƙaluman wata a shigar cikin DHIS2. A Amurka ma, da ba su da matsalar wuta, ma'aikatan jinya na ƙorafin allo na cinye lokacin da ya kamata su ba majinyaci.

Sai maganar sirri. Haɗejiya gari ne da kowa ya san kowa. In mutum biyar na amfani da lambar sirri ɗaya, sakamakon gwajin wata zai iya kai wa gidan mijinta kafin ita. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun hana haka, amma doka ba ta tsare allon da aka bari a buɗe.

Saboda haka nake cewa a yi, amma a bi tsari. A fara da sola da batir kafin kwamfuta. A zaɓi manhajar da ke aiki ko babu intanet. Kowane ma'aikaci da lambarsa, a san wanda ya buɗe fayil ɗin wa. A koya wa ɗaliban jinya tun suna makaranta. Sannan a zauna da nas-nas kafin a sa hannu a kwangila, don su za su ɗauki kayan.

Abin da nake so shi ne a san maganin Inna, kuma nas ta samu lokacin duban fuskarta. 'Yan'uwa ma'aikatan jinya da ke nan, ku faɗa mana gaskiya, sauƙi zai kawo muku ko ƙarin wahala? Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.