ƘURI'AR JAMA'A BA TA WANKE LAIFIN RUFE MAJALISA

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo a bakin waɗansu masu ganin sun san siyasar duniya, kuma mun sha jin ta a wuraren hira, daga Agege har Sabon Ibadan. Maganar kuwa ita ce wai abin da ya faru a ƙasar Ingila cikin 2019 ya nuna hukuncin kotu ba a bakin kome yake ba, tun da Kotun Ƙoli ta ce Firayim Minista Boris Johnson ya karya doka da ya rufe majalisa, amma ba a yi wata uku ba jama'a suka sake zaɓensa da babban rinjaye. Daga nan sai mai maganar ya gyara zama, ya ce ai majalisa dama wurin surutu ce, shugaban da ke son aiki ya kulle ta ya huta, in alƙalai sun yi magana talakawa za su ba su amsa. Mu a wannan shafi ba mu yarda da wannan magana ba ko kaɗan, kuma za mu faɗi dalilinmu.

Bari mu fara tuna wa masu karatu yadda abin ya faru. Ran 23 ga Yuni 2016 ne mutanen Birtaniya suka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 52 cikin 100 suka ce a fita daga Tarayyar Turai. Aka shekara uku ana ja-in-ja a kan yadda za a fita. Johnson ya hau mulki ran 24 ga Yuli 2019, ya yi alkawarin fitar da ƙasar ran 31 ga Oktoba ko da an daidaita da Turawan ko ba a daidaita ba. Mafi yawan wakilai kuwa ba su yarda a fita haka kara zube ba, har da waɗansu 'yan jam'iyyarsa ta Conservative. Ganin haka sai ran 28 ga Agusta ya aika da Jacob Rees-Mogg zuwa gidan Sarauniya Elizabeth da ke Balmoral, aka sa ta amince da takardar rufe zaman majalisa har zuwa 14 ga Oktoba. Watau mako biyar ke nan daga cikin mako takwas da suka rage.

A nan sai a lura da wani abu, domin shi ne tushen shari'ar. A al'adar Ingila akan rufe zaman majalisa na 'yan kwanaki kafin mai sarautar ƙasar ya zo ya karanta jawabin shirye-shiryen gwamnati, kuma wannan ba shi ne hutu ba. Hutu wakilai ne da kansu ke jefa ƙuri'a su ba kansu, kuma ko suna hutu kwamitocinsu suna iya aiki. Amma in an rufe zama, ba muhawara, ba mai tsayar da minista ya yi masa tambaya, kuma yawancin dokokin da ba a gama da su ba sun mutu ke nan. Gwamnati ta ce tana bukatar lokacin ne don shirya jawabin Sarauniya. Sai ga tsohon Firayim Minista John Major, ɗan jam'iyyar Johnson ɗin, ya shaida wa kotu cewa irin wannan shiri ba ya wuce kwana huɗu zuwa shida. To ina aka samo mako biyar?

Mata biyu suka jagoranci ƙarar, Gina Miller a Landan, da 'yar majalisa Joanna Cherry a Edinbara. Babbar Kotun Landan ta ce wannan maganar siyasa ce, ba ruwan alƙali. Kotun ɗaukaka ƙara ta Sikotland ta ce a'a, an karya doka. Da hukunci biyu suka saɓa sai aka tafi Kotun Ƙoli, alƙalai 11 suka zauna daga 17 zuwa 19 ga Satumba. Abin mamaki, duk faɗin gwamnati ba a sami minista ko babban ma'aikaci ɗaya da ya rubuta takardar shaida ya sa hannu a kan dalilin rufewar ba. Ran 24 ga Satumba shugabar kotun, Mai Shari'a Brenda Hale, ta karanta hukunci, dukansu 11 baki ɗaya. Suka ce ikon rufe majalisa yana da iyaka, in ya hana majalisa yin doka da sa ido a kan gwamnati ba tare da dalili mai kamawa ba, to ya haramta. Suka ce ba a nuna musu dalili ba ko ɗaya, balle mai kyau. Suka koma har wata shari'a ta 1611 wadda ta tabbatar da cewa sarki ba shi da wani iko sai wanda dokar ƙasa ta ba shi. Ƙarshe suka ce takardar da aka karanta aka rufe majalisa da ita daidai take da farar takardar da ba a rubuta kome a kai ba, saboda haka tun asali majalisa ba ta rufu ba.

Hukuncin ya sami Johnson a birnin New York wajen taron Majalisar Ɗinkin Duniya, ya katse tafiyar ya dawo. Abin da ya biyo baya, in ka gan shi, ka san inda Bahaushe ya samo maganar nan cewa tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Maimakon ya nemi gafara sai ya miƙe a majalisa ya ce kotu ta yi kuskure da ta sa baki cikin siyasa. Babban Lauyan Gwamnati, Geoffrey Cox, ya dubi wakilan jama'a ya ce musu matacciyar majalisa ce. Dokar da majalisa ta yi don hana fita ba yarjejeniya kuwa, Johnson ya yi ta kiranta dokar miƙa wuya. Wata 'yar majalisa, Paula Sherriff, ta roƙe shi ya sassauta harshe, ta tuna masa da Jo Cox, 'yar majalisar da aka kashe a mazaɓarta cikin Yuni 2016, ta ce su ma ana yi musu barazanar kisa. Ya amsa mata da cewa maganar tata shirme ce. Ba kuma yau aka fara ba, domin tun cikin Nuwamba 2016 jaridar Daily Mail ta buga hotunan alƙalai uku a shafin farko ta kira su maƙiyan jama'a, don kawai sun ce sai an tambayi majalisa kafin a fara shirin fita.

Amma fa ga abin da masu waccan magana ba sa faɗi. Duk wannan zagi a ina aka yi shi? A cikin zauren majalisa, ran 25 ga Satumba, washegarin hukunci. Kakakin Majalisa John Bercow ya kira zama, aka buɗe ƙofa, ba ɗan sanda ko ɗaya da aka girke ya tare wakilai. Mutumin da ya ce kotu ta yi kuskure ya zo ya tsaya a gaban waɗanda ya so ya sallama, yana amsa tambayoyinsu har dare. Da ya sake rufe zaman ran 8 ga Oktoba, kwana shida kawai ya ɗauka. Ran 19 ga Oktoba kuma, da doka ta tilasta masa ya roƙi Tarayyar Turai ƙarin lokaci, ya yi borin kunya ya ƙi sa hannu a wasiƙar, amma dai ya aika da ita, aka ɗaga ranar fita zuwa 31 ga Janairu 2020. Wanda ya ce hukuncin bai yi aiki ba, to bai san aikin da aka nema daga gare shi ba.

Mu da ke zaune a Kudu muna da dalilin sanin darajar wannan biyayya fiye da Baturen Landan, domin an taɓa kawo hukunci daga Landan ɗin zuwa Ibadan aka yi fatali da shi. Dattawan Sabo da suka ga zamanin ba su manta ba. Cikin Mayu 1962 Gwamnan Jihar Yamma, Sir Adesoji Aderemi, ya tuɓe Firimiya Akintola bisa wasiƙar da mafi yawan wakilai suka sa wa hannu, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Da majalisa ta zauna sai aka kaure da faɗa, kujeru suka tashi, aka karya sandar majalisa, Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci ta naɗa Dokta Majekodunmi kantoma. Shari'a ta je har kwamitin shari'a na Majalisar Sarauniya a Landan, wanda shi ne kotun ƙarshe ta Nijeriya a lokacin, cikin Mayu 1963 ya ba Adegbenro gaskiya. Me aka yi? Aka gyara tsarin mulkin jihar aka mai da gyaran baya zuwa 1960 don hukuncin ya zama banza, Majalisar Tarayya ta amince, cikin Oktoba 1963 kuma aka soke ɗaukaka ƙara zuwa Landan gaba ɗaya. Ba ma jin daɗin faɗi, amma gaskiya ce, gwamnatin da namu ke jagoranta ce ta mara wa wannan baya. Wanda aka hana shi abin da kotu ta ba shi, ina zai kai kuka? Aka koma titi, zaɓen 1965 ya zo da ƙone-ƙone, cikin Janairu 1966 soja suka zo. Akintola ya tafi, Sardauna ya tafi, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi, Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Majalisar da wasu ke cewa a kulle a huta, aka kulle ta shekara 13, sai 1979 ta sake zama. Kuma duk lokacin da doka ta kwanta aka koma ga ƙarfi, baƙo mai rumfa a kasuwar wasu shi ke fara ji a jikinsa. Wannan kam ba sai mun gaya muku ba.

To mu koma Ingila, ga zaɓen da ake taƙama da shi. Gaskiya ne ran 12 ga Disamba 2019 jam'iyyar Conservative ta ci kujeru 365, rinjayen kujeru 80, jam'iyyar Leba kuwa ta sha kayen da ba ta taɓa sha ba tun 1935. Amma wace tambaya aka yi wa mai ƙuri'a ran nan? An tambaye shi wa zai yi mulki, Johnson ko Jeremy Corbyn, kuma mutane sun gaji da shekara uku da rabi na maganar fita daga Turai. Ba takardar ƙuri'a ko ɗaya da aka rubuta a kanta cewa rufe majalisa ya halatta. Ko ƙuri'un ma da aka ƙirga, na Conservative ba su kai kashi 44 cikin 100 ba. Da a ce cin zaɓe yana shafe hukuncin kotu, da kowane ɓarawon da ke da farin jini a garinsu sai ya tsaya takara maimakon ya ɗaukaka ƙara.

In akwai masu laifi a kan yadda Johnson ya tsira, 'yan hamayya ne. Kotu ta mai da musu zaurensu, Firayim Minista ba shi da rinjaye tun da shi da kansa ya kori wakilai 21 daga jam'iyyarsa a farkon Satumba, har da Kenneth Clarke da Nicholas Soames, jikan Churchill. Corbyn ya yi ta kiran ya yi murabus daga wajen taron jam'iyyarsa a Brighton, amma bai kawo ƙudurin rashin amincewa ba, domin sun kasa daidaitawa a kan wanda zai riƙe gwamnatin wucin gadi. Jo Swinson ta jam'iyyar Liberal Democrat ta ce ba za ta bi Corbyn ba, shi kuma ya ƙi janye wa wani. Ƙarshe su da kansu suka ba Johnson zaɓen da yake nema a lokacin da yake so, ita Swinson har kujerarta ta rasa. Alƙali ba zai yi wa ɗan siyasa aikinsa ba, ba kuma a naɗa shi don haka ba.

Ba za mu ɓoye ba, gwamnati ta nemi ramuwa. Tun cikin takardar manufofinta ta zaɓen 2019 ta yi alkawarin sake duba dangantakar gwamnati da majalisa da kotuna. Cikin 2022 aka soke dokar 2011 mai ƙayyade wa'adin majalisa, aka mai da wa Firayim Minista ikon neman a rushe majalisa a tafi zaɓe, aka kuma sa sashen da ya hana kotu duba wannan iko. Wannan abin tsoro ne, kuma muna ganin kuskure ne babba. Sai dai ko a nan ma a lura, ta cikin majalisa aka bi, da muhawara da ƙuri'a, kuma dokar ta tsaya a kan rushewa don zuwa zaɓe, ba ta taɓa hukuncin 2019 a kan rufe zama ba, ba ta kuma koma baya ta halatta abin da Johnson ya yi ba.

Shi kuma gwanin nasu, yaya ya ƙare? Rinjayen kujeru 80 bai riƙe shi shekara uku ba. Cikin Yuli 2022 ministoci da mataimakansu fiye da 50 suka ajiye aiki cikin 'yan kwanaki, dole ya sauka. Aka kuma sa wani kwamitin majalisa mai mutum bakwai, huɗu daga ciki 'yan jam'iyyarsa, ya binciki abin da ya gaya wa wakilai game da shagulgulan da aka yi a fadarsa lokacin kullen cutar korona, sa'ad da aka hana talaka ko zuwa jinyar uwarsa. Kwamitin ya same shi da laifin yaudarar majalisa da gangan, ya ce da yana nan da an dakatar da shi kwana 90. Bai jira ba, ya ajiye kujerarsa cikin Yuni 2023 yana zagin kwamitin kamar yadda ya soki alƙalai. Ran 19 ga Yuni 2023 majalisar da ya taɓa nema ya kulle ta jefa ƙuri'a a kan rahoton, wakilai 354 suka amince, bakwai kacal suka tsaya masa.