Kiwon lafiya: ƙullutun jijiyoyin jini a nono da abin da hoto ke iya faɗi

Sankarar nono ita ce kan gaba cikin ciwon dajin da ke kama matan ƙasar Nijar, shi ya sa ranar da mace ta taɓa ƙullutu a nononta, daga ita har maigidanta barci kan ƙaurace musu. Alhali kuwa yawancin ƙullutan da ake kai wa likita ba sankara ba ne. Cikinsu akwai wani iri da ba safai ake ganinsa ba, wanda likitoci ke kira emanjiyom, wato ƙananan jijiyoyin jini ne suka cunkushe wuri guda suka zama dunƙule kamar soso mai cike da jini. Dangin jan tabon nan ne da kan fito a fatar wasu jarirai. Ba ya yaɗuwa cikin jiki, ba ya kisa. Wahalarsa guda ce: yana da wani makamanci mai tsananin haɗari, sankarar jijiyoyin jini da ake kira anjiyosarkom, kuma yatsan likita kaɗai ba ya rarrabe su.

Yawanci emanjiyom kan zauna kusa da fata, bai cika wuce santimita 2 ba, kuma ba ya ciwo. Wani lokaci fatar da ke bisansa kan yi duhu-duhu ko shuɗi-shuɗi. Sau da yawa ma mai shi ba ta san da zamansa ba, sai an yi hoto saboda wani dalili daban a ci karo da shi.

Hoton farko da aka fi sani shi ne mamogarafi, wato radiyon nono, inda ake matse nonon tsakanin faranti biyu. A nan ƙullutun kan fito da siffar ƙwai, gefensa sumul, wani lokaci da ƴan ɗigo-ɗigo farare, waɗanda tsohon jini ne da ya daskare ya ƙeƙashe a cikin jijiyoyin. Sai dai nonon budurwa da na mace mai ƙuruciya yana da tauri, radiyo ba ya ratsa shi da kyau, saboda haka gare su, da masu juna biyu, da ekogarafi ake farawa.

Ekogarafi kuwa matan birni da na ƙauye sun san shi tun daga awon ciki. Da sauti yake aiki, babu hasken radiyo a cikinsa, kuma shi ne hoton da ya fi sauƙin samu a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Abin da likita ke dubawa shi ne yanayin kwanciyar ƙullutun. Idan ya kwanta a miƙe bisa tsawon fata, da iyaka bayyananniya, alama ce mai kwantar da hankali. Idan kuwa ya tsaya a tsaye yana kutsawa cikin tsoka, gefensa da tsini-tsini, to sai a ƙara bincike. Akwai kuma maɓallin da ake kira Doppler, sunan wani masani ɗan ƙasar Ostiriya da ya bayyana ƙa'idar a 1842, mai nuna gudun jini da launi ja da shuɗi. Abin mamaki, emanjiyom duk da jini ne cikinsa, sau da yawa ba ya nuna launi sosai, domin jinin a hankali yake tafiya kamar ruwan tabki. Likitan da ya dogara da launi kaɗai yana iya ɓata.

Idan shakka ta rage, ana iya zuwa ga babbar na'urar maganaɗisu da ake kira IRM, wadda ke nuna yadda ƙullutun ke shan ruwan allurar da aka zuba a jijiya. Tana da tsada, kuma mutumin jihohi kan yi tafiya kafin ya same ta. Ita ma ba ta yanke hukunci na ƙarshe.

Maigidan da aka miƙa wa takardar sakamako zai ga haruffa ACR da lamba a ƙasanta, kuma ya kamata ya san ma'anarsu. Tsari ne da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar a 1993. ACR 1 da 2 na nufin babu abin damuwa. ACR 3 na nufin kusan tabbas lafiya lau ne, yiwuwar sankara ba ta wuce 2 cikin 100 ba, amma sai an sake hoto bayan wata 6. A nan ne akasarin mutane ke tuntuɓe: an ce ba komi, sai a jefa takarda a akwati, ranar komawa ta wuce. Alhali wannan komawar ita ce gwajin, domin emanjiyom kan tsaya inda yake, anjiyosarkom kuwa girma yake da sauri. Tsofaffin hotuna kuma a riƙa zuwa da su, saboda da su ake gwada sabo. ACR 4 da 5 kuwa na nufin a gutsuro ɗan tsoka da allura, ekogarafi na nuna hanya, a kai ɗakin bincike a duba da madubin likita. Idan abin da madubi ya nuna bai dace da abin da hoto ya nuna ba, ko ƙullutun ya yi girma, likitoci kan zaɓi cire shi ɗungum a bincika. Ƙullutun ake cirewa, nono yana nan.

Matan da aka taɓa gasa wa nono da hasken maganin sankara suna da nasu kashedi, ganin cewa tun 2021 ake wannan aiki a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai. Shekaru bayan gashin, wani tabo ja ko shuɗi mai kama da ƙujewa yana iya fitowa a fatar wurin. Irin wannan tabo ba a jiran wata 6 a kansa, gutsuro shi ake yi.

Akwai kuma wata cutar jijiya mara haɗari da wani likitan fiɗa Bafaranshe, Henri Mondor, ya bayyana a 1939: jini ne ke daskarewa a jijiyar da ke ƙarƙashin fatar nono, sai a ji ta kamar igiya mai ciwo. Ekogarafi na nuna ta sarai, jijiya ce da ba ta matsuwa kuma babu jini mai gudu a cikinta. Cikin ƴan makonni takan warke da maganin ciwo kawai.

Saura batun wanzami. Ƙullutun jini ba maruru ba ne, babu mugunya a cikinsa da sakiya ko tsaga za ta fitar. Aska ta taɓa shi, jini ne zai ɓalle, rauni ya kumbura, sannan hoton da za a yi daga baya ya rikice, har likita ya kasa gane siffar da abin yake da ita tun farko.