Fina-finanmu sun iya soyayya, amma suna gudun makoki

1/ Bari na faɗi abin da ya daɗe yana cina game da fina-finan Kannywood, masoya ku yi haƙuri. Mun iya nuna yadda ake faɗawa soyayya. Yadda ake rayuwa bayan an rasa wanda ake so ne ba mu iya ba.

2/ Ku lura da yadda mutuwa take zuwa. Mota ta ƙwace, likita ya fito yana girgiza kai, mata su fasa kuka, a nuna an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Minti uku. Sai rubutu ya fito: bayan shekara biyu. Ga jarumar ta sha kwalliya, ga sabon saurayi. Haba!

3/ Wato ba don a nuna rashin aka kashe mutumin ba, an kashe shi ne don ya ba wani hanya. Marubuci ya rasa yadda zai raba mace ɗaya da maza biyu, sai ya aiko da tirela.

4/ Kada a ce laifin Indiya ne kaɗai, duk da a can muka ga samfurin. Ko a Kuch Kuch Hota Hai na 1998, mutuwar Tina ce ta buɗe wa Anjali ƙofa. Amma ita Tina ta bar wa 'yarta wasiƙu takwas, kuma su suka ja ragamar labarin. Mamaciyar ba ta ɓace ba. A namu, ana gama sadakar uku an manta da sunansa.

5/ Abin takaicin, a cikin shekara biyun da ake tsallakewa labarin yake. Takaba wata huɗu da kwana goma ce. Ba ado, ba turare, ba fita sai da lalura. 'Yan gaisuwa sun watse, gida ya yi tsit, yara suna tambayar yaushe Baba zai dawo. Wane darakta ne zai ce babu fim a nan?

6/ Ga rabon gado. In mamaci ya bar 'ya'ya, matarsa tumuni take samu, kashi ɗaya cikin takwas. In su huɗu ne, wannan tumunin za su raba. Sai a zo kan gidan da take ciki: a sayar ko a bari? Ƙanin miji ya ce shi zai riƙe marayu, ita kuma iyayenta sun ce ta dawo gida. Ba ka buƙatar boka ko muguwar kishiya, kowa a nan yana ganin shi ke da gaskiya.

7/ Su ma mazan fa. Mutum ya binne matarsa, kafin arba'in an fara yi masa tayin ƙanwarta saboda yara. An hana shi kuka tun a maƙabarta. Wannan kam sai dai a ji shi a unguwa.

8/ Sauyin rayuwa kuma kusan kullum kuɗi ne. Tun Sangaya, ɗan sarauta da 'yar aikin gida, har Mainasara na Labarina da ya ɓoye arzikinsa don neman mai son sa tsakani da Allah. Ina kallo, ina jin daɗi, a hostel har faɗa muke yi a kai. Amma yawancinmu abin da ya juya rayuwar gidajenmu rashin uba ne, ko saki, ko jinya mai tsawo.

9/ Na san amsar furodusoshi: a YouTube in ka daɗe a kan baƙin ciki, mai kallo zai tura gaba, data tsada. Ban yarda ba. Mutanen da suka yi shekaru suna bin Daɗin Kowa a Arewa24 ba masu gajen haƙuri ba ne. Kuma shiri mai dogon zango ya fi kowa samun lokaci, zango guda ma ya ishi takaba.

10/ In akwai fim ɗin Hausa da ya zauna da bazawara tun daga ranar rasuwa har fitar takaba bai tsallake ba, ku ajiye min sunansa a ƙasa. Daren nan zan nema.