Kati Na Hannu, Magani Bai Samu Ba: Inshora Da Ciwon Daji A Ƙasar Sakkwato

A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA a madadin tsohon shirin NHIS, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. A Jihar Sakkwato, hukumar SOCHEMA ce ke riƙe da shirin taimakekeniya na jiha. Duk da haka, 'yan'uwa, ma'aikaci daga Boɗinga ko Shagari, wanda ake yanke masa kuɗi kowane wata, zai iya kai matarsa babban asibiti da kati a hannu, a ce masa maganin ciwon daji ba ya ciki. Bari mu duba inda wannan gardama take fitowa.

Na farko, kati ba alkawarin kome da kome ba ne. Kowane shiri yana da jerin abin da yake biya. Asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar 2014 ta keɓe wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, an shirya shi ne domin irin su zazzaɓin cizon sauro, awon ciki da haihuwa. Ciwon daji kuwa yana bukatar tiyata, allurar kemo zagaye bayan zagaye, da gashi na na'ura na makonni.

Na biyu, akwai hanyar da aka tsara. Marar lafiya zai fara daga asibitin da ya yi rajista, a ba shi takardar turawa, sa'an nan kamfanin HMO ya ba da lambar izini. Wanda tsoro ya sa ya wuce kai tsaye zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba da takarda ba, ya ba kamfani hujjar ƙin biya.

Na uku, ƙarin inshorar da ake saye a kamfanoni masu zaman kansu takan zo da sharuɗa biyu: lokacin jira kafin ta fara aiki, da cire cutar da mutum yake da ita tun kafin rajista. Da yake yawancin mutanenmu sai ciwo ya yi nisa suke zuwa asibiti, ba wuya kamfani ya ce cutar ta girmi katin.

Jinkiri a nan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna sababbin masu ciwon daji kusan 128,000 a Nijeriya, da mutuwar kusan 80,000. Ƙari ba ya jiran lambar izini.

Akwai ƙofofin da suka buɗe. Daga Afrilu 2025, NHIA ta umarci kamfanonin HMO su amsa neman izini cikin awa ɗaya. Asusun ciwon daji na tarayya, wanda ya fara a 2021, yana taimakon marasa hali masu ciwon dajin nono, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Sai dai da aka fara shi, asibitin da aka zaɓa wa arewa maso yamma na Zariya ne, tafiya mai nisa da tsada ga mutumin Shagari.

A ganinmu, ba kowace ƙin biya ce zalunci ba, gama wani lokaci sharaɗin yana rubuce. Amma wanda yake karɓar kuɗin mutane kowane wata, hakkinsa ne ya faɗa musu da Hausa, tun ranar rajista, abin da ba zai biya ba.

Mu ma muna da namu aikin. Mu nemi jerin abin da kati yake biya tun muna da lafiya. In an ƙi biya, mu ce a ba mu dalili a rubuce, mu adana kowane rasit da sakamakon gwaji, mu kai ƙara ofishin NHIA na jiha ko SOCHEMA, mu kuma tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti game da asusun tarayya. Kada mu bar marar lafiya ya bi waɗannan ofisoshi shi kaɗai. Wanda ya iya karatu a cikinmu ya raka shi, gama mai fama da ciwo ba shi da ƙarfin gardama.