Sani da Sana'a: Yadda ake sa ƙaramin moter ya riƙe gudu ɗaya

Duk wanda ya yi zamani da rediyo mai kaset ya san wannan lamari. Ana tsakiyar sauraren Mamman Shata ko karatun wani malami, sai murya ta soma ja, ta yi kauri, kamar mai maganar ya kwana bai ci ba. Ba kaset ce ta lalace ba, pil ne suka gaji, ɗan injin da ke jan zaren kaset, wanda masu gyara ke kira moter, ya rage gudu. Yau kaset ta kau, amma matsalar tana nan. Yaro a Maradi ya ciro moter daga tsohuwar rediyo ya haɗa motar gwangwani. Mai kanti a kasuwar Dole ta Zinder ya ƙera ƴar fanka don kwanakin bazara. Da safe abu yana gudu kamar zai tashi, da azahar, lokacin da aka fi bukatarsa, sai ya yi laƙwas. Daga nan sai a koma sayen pil, kuɗi suna ta zurarewa.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Gudun irin wannan moter yana bin ƙarfin turin wutar da ke shigarsa, wanda ake aunawa da bolt, wato harafin V da ke rubuce a jikin batir. Sabon pil yana ba da bolt 1,5, amma tun daga soma aiki yake sauka sannu a hankali, har ya kai wajen bolt 1. Ke nan pil 4 da aka jera suna farawa da bolt 6, su ƙare a kusan 4, moter kuma ya rasa wajen sulusin gudunsa. Misalinsa misalin shato ne na ruwa: in ya cika, pampo yana feshi, in ya yi ƙasa, sai ɗigo. Dalili na biyu shi ne nauyin aiki. Da zarar motar yaro ta shiga rairayi, moter yana ƙara jan wuta, wani kaso na turin ya salwanta a cikin wayarsa da cikin batir, gudu ya ragu.

Wasu sukan sanya rezistans tsakanin batir da moter. Wannan yana rage gudu, amma ba ya riƙe shi. Hasali ma yana ƙara ɓarna, domin duk lokacin da aiki ya yi nauyi, rezistans yana cinye kaso mafi yawa, ya mayar da shi zafi.

Mataki na farko na gaskiya shi ne a daidaita turin wutar. Akwai ɗan ƙarfe mai ƙafa uku da ake kira regilater, ana samun sa wajen masu gyaran rediyo da telebijin. Mai lamba 7805 yana fitar da bolt 5 daidai, muddin abin da ke shigarsa bai gaza bolt 7 ba. Mai lamba LM317 kuwa ana iya saita shi daga bolt 1,25 zuwa sama, shi ma da sharaɗin batir ya ɗara abin da ake nema da bolt 2 zuwa 3. Sai dai a sani, rarar ba ta ɓacewa, zafi take zama. Idan an ɗauko bolt 12 daga batir ɗin babur aka sauke su zuwa 5, fiye da rabin wutar yana tafiya a banza, kuma wajibi ne a ɗaura regilater a kan farantin alminiyom don kada ya yi zafi fiye da kima. Wanda ya samu ɗan allo mai lamba LM2596 ya fi riba, domin shi yana sauke turi ba tare da wannan asara mai yawa ba. Mafi sauƙi duka shi ne batir ɗin ajiya na cajin salula: a cikinsa turi yana sauka daga bolt 4,2 zuwa wajen 3, amma a bakinsa bolt 5 yake bayarwa har ya ƙare.

Akwai kuma ƴan akwatuna masu maɓallin murɗawa, da yawansu an gina su kan ƙwayar NE555 da ta fito a 1972. Suna yanke wuta su mayar da ita sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin daƙiƙa guda, ta haka ake zaɓen gudu ba tare da ɓata batir ba. Amma zaɓen gudu daban, riƙe shi daban. In ba a sa regilater kafin akwatin ba, batir yana sauka gudu yana bin sa.

Ga fanka, wadda nauyin aikinta ba ya sakewa, daidaita turi ya wadatar. Ga abin da nauyinsa ke hawa da sauka kuwa, sai an samu mai tsaro da zai riƙa duba gudun da kansa, kamar mahayi da linzami: doki ya yi gaggawa a ja, ya yi nawa a saki. Dabarar tsohuwa ce. A 1788 James Watt na Birtaniya ya ɗora wa injin tururi wasu dunƙulen ƙarfe biyu masu juyawa. In gudu ya yi yawa sai su buɗe, su rage tururi.

A nan ne tsohuwar rediyo ta fi ƙarfin raini. Tun da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, an ƙayyade zarenta ya yi tafiyar santimita 4,76 a daƙiƙa, ba ƙari ba ragi. Don haka aka sanya wa moter ɗinta mai tsaro: na farko-farko na ƙarfe ne mai buɗewa irin na Watt, na baya kuma ƴar ƙwaya ce ta lantarki, sau da yawa a ɓoye cikin gwangwanin moter ɗin. Shi ya sa murya ba ta ja sai pil sun kusa mutuwa ƙwarai. Alamarsa ita ce ɗan rami a bayansa, inda ake zura siririn sukudireba a saita gudu. A duba bolt ɗin da aka rubuta a jikinsa, 6 ko 9 ko 12, a kuma kiyaye alamar + da −, domin juya wayoyi yana iya kashe ƙwayar.

Gargaɗi biyu ga iyaye. Kada yaro ya kusantar da wannan moter ga wutar gida mai bolt 220. Batir ɗin litiyom da aka ciro daga tsohuwar salula ko kwamfuta kuma yana iya kamawa da wuta in an huda shi, ko an haɗa bakinsa biyu, ko an bar shi a rana.

Saboda haka, ma'aikacin da ya iske ɗansa ya farke tsohuwar rediyo, kada ya yi saurin ɗaukar bulala. Ya saya masa regilater guda da ƴar na'urar awon bolt, ya kai shi wajen mai gyara na unguwa ya ga yadda ake haɗawa. Kuɗin pil za su ragu, yaro kuma ya san dalilin abin da hannunsa ke yi. Da tsohuwar zuma ake magani.