Canjin gwiwa da ƙugu: kafin ka tura wa Baba bidiyon mutum-mutumi

Ka rubuta "ciwon gwiwa" sau ɗaya a Google, ko ka tsaya daƙiƙa goma kan bidiyon wani dattijo yana takawa bayan tiyata, ka ga abin da zai biyo baya. Facebook da TikTok za su cika maka waya da tallan asibitocin Indiya da Masar: mutum-mutumi mai hannun ƙarfe, ɗaki fes, tsoho yana hawan bene yana dariya, ga lambar ejan ta WhatsApp a ƙasa, wani ma da Hausa zai amsa maka. Tallan nan ba dattijon Kafur ko Bakori da ya shekara 40 a duƙe cikin gonar masara yake nema ba. Ɗansa yake nema, mai riƙe da waya. A gidajenmu yanzu mu ake ce wa "duba mana a wayarka", kuma abin da muka gano yakan zama sanadin sayar da gona ko shanun huɗa.

Abin da nake gani shi ne muna zaɓen wannan tiyata kamar yadda muke zaɓen waya: wace ce sabuwar fitowa, wace ce ta fi na'ura. Ni sana'ata rubuta manhaja, ba likita ba ne, amma duk mai wannan sana'a ya san ranar ɗora manhaja ita ce mai sauƙi. Wahalar tana wajen kula da ita bayan an fara amfani.

Aikin kansa ba sabo ba ne. A gwiwa, likita yana yanke saman ƙashin da guringuntsinsa ya cinye, ya lulluɓe shi da ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakani. A ƙugu kuma ana cire kan ƙashin cinya, a sa ƙwallon ƙarfe ko na tangaram da zai riƙa juyawa cikin ƙoƙo. Tsarin ƙugun da ake bi yau ya samo asali daga aikin John Charnley a Ingila tun 1962. Ana yin wannan tiyata a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda daga Malumfashi tafiya ce ta Dayi da Gwarzo, ka je ka dawo a yini guda. Shi mutum-mutumin da ake nunawa, irin Mako na kamfanin Stryker, ba shi ke tiyatar ba. Likita ne ke riƙe da shi, aikinsa ya taimaka a yanka ƙashi daidai da awon da aka tsara a kwamfuta. Yana ƙara daidaito, wannan gaskiya ne. Amma ba ya hana ƙwayar cuta shiga, ba ya kuma lanƙwasa gwiwar da ba a yi mata gashi ba.

Lanƙwasawa ita ce maganar da talla ba ya taɓawa, alhali ita ta fi shafar mu. Tafiya a ƙasa tana buƙatar gwiwa ta lanƙwashe kamar digiri 65, zama a kujera kamar 90. Yawancin waɗanda aka yi wa canjin gwiwa suna tsayawa tsakanin digiri 110 zuwa 125. Ga Bature mai kujera da gado mai tsawo da masai na zama, wannan ya wadatar. To mu fa? Zaman tahiya da cikakken tsuguno suna neman digiri 150 ko sama. Cin tuwo a tabarma, alwala a tsugune, salga, tsinkar auduga, shara da tsintsiya, duk a ƙasa ake yinsu. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa aikin sai dai su koma sallah a kujera. Addini ya ba mai lalura wannan sauƙi, sai dai dattijon da ya sayar da gonarsa yana zaton zai koma sahun farko ya yi sujada kamar da, ya kamata a faɗa masa gaskiya tun bai kwanta a gadon tiyata ba. A ƙugu ma haka ne: a makonnin farko, zama a ƙaramar kujera 'yar tsuguno ko harɗe ƙafa na iya sa ƙwallon ya goce daga ƙoƙonsa. Ke nan kafin a yi maganar biza, a fara duba gidan. Akwai gado mai tsawo? Za a iya sa masai na zama?

Ga masu cewa sabo shi ne mai kyau, mun ga abin da ya sami Galaxy Note 7 a 2016, aka ce kowa ya mayar da tasa. An taɓa yin irin wannan a ƙugu. Kamfanin DePuy, reshen Johnson & Johnson, ya fito da wani samfuri mai suna ASR, ƙarfe kan ƙarfe, aka riƙa tallarsa ga masu sauran ƙarfi a jika. A watan Agustan 2010 aka janye shi daga kasuwa, bayan an sa wa mutane kusan 93,000 a duniya. Rajistar da Ingila ke ajiyewa ta masu wannan tiyata ce ta nuna wajen mutum ɗaya cikin takwas na komawa a sake musu aiki cikin shekara biyar, ga ɓurɓushin ƙarfe na shiga nama da jini. A Indiya, inda aka sa wa kimanin mutum 4,700, an shafe shekaru ba a gano inda akasarinsu suke ba. Waya kana cire layinka ka miƙa ta. Abin da ke manne da ƙashinka sai an sake buɗe ka.

Kar matashi ya ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, kuma ɗaya daga cikin illolinta shi ne jini ya daina isa kan ƙashin cinya har ya mutu ya rufta. Akwai 'yan shekara 20 da wani abu da ke buƙatar canjin ƙugu saboda haka. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kimanin kashi 58 cikin 100 na ƙugun da aka sa suna kai shekara 25, a gwiwa kuma kashi 82. Adadin ya yi kyau ga ɗan shekara 70. Ga ɗan 25 kuwa, yana nufin ya sa a ransa cewa akwai tiyata ta biyu a gaba, wadda ta fi ta farko wuya da tsada. Wa zai yi ta? Wane samfuri zai tarar a ciki?

Haɗarin kusa guda biyu ne suka fi tsorata likitoci. Na farko ƙwayar cuta, wadda ke kama mutum ɗaya ko biyu cikin 100. Adadin kaɗan ne, amma idan ta manne a jikin ƙarfe, magani kaɗai ba ya cika fitar da ita, wani lokaci sai an cire komai an sake. Masu ciwon suga da masu sikila sun fi shiga wannan haɗari. Na biyu daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda gudansa ke iya tafiya huhu ya kashe mutum. Doguwar zama ba motsi tana ƙara shi. Ka lissafa zaman jirgi daga Delhi, da tsayawa a hanya, sannan mota daga Kano zuwa gida.

Na san abin da za a ce mini: asibitocin gwamnati akwai layi, akwai yajin aiki, ƙarfen ma da dala ake shigo da shi, don haka nan gida ba arha ba ne. Na yarda, kuma a waje akwai ƙwararrun likitoci na gaske. Wanda ya ga fita ta fi masa, ya fita. Amma ya fara ganin likitan ƙashi a Dala, ko Shika, ko Katsina, ya ji ko ma tiyatar ta zama dole, domin rage ƙiba, gashi da sanda suna ɗage ta ga wasu tsawon shekaru. Ya kuma samu wanda ya amince zai karɓe shi in ya dawo, da mai gashin ƙashin da zai bi shi wata biyu ko uku. Ejan aikinsa ya ƙare a filin jirgi.

Inda wayarka za ta yi amfani na gaske shi ne bayan tiyata. Kowane ƙarfe yana zuwa da 'yar takarda mai sunan kamfani, samfuri, girma da lamba. Ka nemi a ba ku, ka ɗauki hotonta tare da rahoton tiyata da hotunan ƙashi, ka ajiye a Google Drive, ka tura wa mutum biyu a gida. Ka riƙa ɗaukar hoton gwiwar daga gefe duk mako a lanƙwashe, mai gashi zai ga ko ana ci gaba ko ta fara sandarewa. Idan ka ga zazzaɓi, ko wurin ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa, kar a je kemis a sayo kafso, domin yana ɓoye ƙwayar cutar a rasa gane ta a gwaji. Kumburin sharaɓa mai zafi, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, wannan ba na jiran amsar WhatsApp ba ne, a sa shi a mota zuwa Babban Asibitin Malumfashi ko na Funtua a lokacin, ko da tsakar dare ne.