Riɗinmu Ya Tafi Ketare, Awon Jini Ya Gagare Mu

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mutanen Gadarif da Doka da Basunda har zuwa Galabat.

Yaushe rabon da a ɗaura maka abin awon jini a hannu? Kada ka yi saurin amsawa. Tuna maƙwabcin da ya kwanta lafiya, aka wayi gari bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya shanye. Muka ce iska ce, muka ce sammu ne. Sau da yawa hawan jini ne, ya yi shekaru yana cinsa ba ciwon kai, ba jiri.

A shekarar 2020 likitoci suka wallafa binciken da suka yi a nan garin Gadarif. Sun auna manya 600, suka sami 245 da hawan jini, wato kusan huɗu cikin goma. A cikinsu 201 ba su taɓa sanin suna da shi ba sai ranar. Wannan kuwa kafin yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ne, kafin faɗuwar Wad Madani a Disamban shekarar, lokacin da 'yan gudun hijira suka cika makarantu da gidajenmu, magani ya yi wuya, kuɗi ya zama takarda.

Masu mulki za su ce laifinka ne. To, mu faɗi gaskiya, akwai namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Mu kuwa ga gishiri, ga dunƙule, ga kanwa a miya, ga yajin agashe da yamma. Shayi sai an zuba sukari har cokali ya tsaya, ƙiba ta biyo baya. Ga tumbak a leɓe, ga sigari. Shekaru da gado ma suna da nasu rabon, waɗannan ba mai iya canza su. A rage abin da za a iya ragewa, ba mu hana ba.

Amma wanda bai san yana da cuta ba, ta yaya zai yi ƙauracin gishiri dominta? Awon nan minti biyu ne. Idan aka maimaita shi a ranaku daban-daban ya tsaya a 140 bisa 90 ko ya wuce, sai magani. Ƙwayoyinsa irin su amlodifin suna cikin mafi arha a duniya. Abin da ke da tsada shi ne wankin ƙoda, da jinyar wanda ya shanye, da gawar mai ciki da jijjiga ta kashe a kan hanya saboda laka ta riƙe mota da damina. Gwamnatin da ta ƙi sayen mai arha, kai ta bar wa biyan mai tsada.

Kuma ba talauci ne ya hana ba. Jihar nan ce rumbun Sudan. Riɗin da ake cika manyan motoci da shi zuwa Fot Sudan, dawar da ke ciyar da ƙasa, wa ya noma su? Wa ke sunkuye da lauje a Fashaga, ido ɗaya a kan zangarniya, ɗaya a kan 'yan bindiga? Mai karɓar haraji ya san hanyar ƙauyenku sarai, ko da damina bai taɓa ɓata ba. Ma'aikacin lafiya ne kaɗai ba a ba shi abin hawa ba. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya. Dubi shagon maganin ƙauyenku ka faɗa mana ko ka ga alamarsa.

Kakanninmu sun tako daga Kano da Sakkwato da Katsina a hanyar Makka, suka sare dajin nan ya zama gona. Mu 'yan ƙasa ne, ba baƙi ba, ba kuma roƙo muke yi ba.

Ga abin da jam'iyyarmu ta tsaya a kai: abin awon jini mai aiki a kowace cibiyar lafiya, awo kyauta a ranakun kasuwa, awon kowace mai ciki, da maganin wata uku a hannun mara lafiya kafin ruwa ya yanke hanya. Kuɗin ya fito daga harajin amfanin gona da ake karɓa a jihar nan, a kuma liƙa lissafinsa a bango kowa ya gani.

Rabon Sudan da babban zaɓe tun 2015. Duk ranar da aka kafa akwati, wanda ya zo neman ƙuri'arka, tambaye shi cibiyoyi nawa ne a mazaɓarsa ke da abin awo. Kafin nan, a kasuwar makon nan ka nemi inda za a auna ka, ka tafi da iyali. Idan kana kan magani, kada ka daina don ka ji sauƙi.